Tsugunnon Shekara 21: Yadda Tim McCarver Ya Koyi Faɗin Abu Kafin Ya Faru

Idan ana nuna wasan besbol a talabijin a Amurka, mutum biyu ne yawanci ke zaune a ɗakin sharhi, can sama a bayan inda mai bugu ke tsayawa. Na farko aikinsa ya faɗi abin da ke gudana: wa ya jefa, wa ya buga, ina ƙwallo ta nufa, maki nawa aka ci. Na biyun, wanda kusan kullum tsohon ɗan wasa ne, aikinsa ya faɗi dalili. Filin da aka ba shi ya yi maganar kuwa ɗan ƙanƙane ne, wato 'yan daƙiƙoƙin da ke tsakanin wannan jifa da na gaba. A wasa ɗaya ana jifa kusan sau 300, saboda haka kusan sau 300 ke nan zai yanke shawara ko ya yi magana ko ya kama bakinsa.

Akwai hanya mai sauƙi ta cin abinci a kan wannan kujera. Mutum ya jira abu ya faru, a maimaita hoton, shi kuma ya maimaita wa masu kallo abin da idonsu ya riga ya gani: ya jefa da ƙarfi, ya buga da kyau, koci ya yi kuskure. Ba za a taɓa kama shi da ƙarya ba, don bai faɗi komai ba. Tim McCarver, wanda ya yi sharhin gasar ƙarshe ta zakaru, World Series, sama da sau 20 tsakanin 1985 da 2013, ya zaɓi ɗaya hanyar. Yakan faɗi abin da yake hange tun ƙwallo tana hannun mai jifa, yana sane da cewa nan da daƙiƙa biyar miliyoyin mutane za su ga ko ya yi daidai ko ya sha ƙasa. Wannan ido bai same shi a ɗakin sharhi ba. A tsugune ya same shi.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga shi a taƙaice. Kowace ƙungiya mutum tara ce a fili. Ɗaya tana tsaro, ɗaya tana bugu, sai su yi musanya, har zagaye tara. A tsakiyar fili akwai ɗan tudu inda mai jifa ke tsayawa. Mita 18.44 daga nan akwai wani farin faranti na roba a ƙasa, faɗinsa santimita 43, wanda ake kira gida, kuma a gefensa mai bugu ke tsayawa da sandarsa ta katako. A saman farantin, daga gwiwar mai bugu zuwa wajen ƙirjinsa, akwai wata taga da ba a zana ba, alƙalin wasa ne ke auna ta da ido. Idan ƙwallo ta bi ta tagar mai bugu bai buga ba, ko ya kai bugu ya sami iska, an ci shi ɗaya. Aka ci shi uku, ya fita. Idan kuwa mai jifa ya kauce wa tagar sau huɗu, mai bugu ya wuce tasha ta farko kyauta. Tashoshi uku ne, tsakanin kowacce da 'yar uwarta mita 27 da 'yan kai, kuma duk wanda ya kewaye su ya dawo gida ya ci wa ƙungiyarsa maki ɗaya. Da an fitar da mutum uku, sai a yi musanya.

A bayan farantin nan, dab da inda sanda ke wucewa, akwai mutum a tsugune. Shi ne mai cafka. Kansa cikin takunkumin ƙarfe, ƙirjinsa cikin sulke mai laushi, ƙwaurinsa da gwiwarsa a rufe da makari mai tauri, hannunsa na hagu cikin wata ƙatuwar safar fata mai kauri da zagaye. Cikin 'yan tsaro tara, shi kaɗai ne ke fuskantar fili. Sauran takwas duk shi suke kallo. Yana ganin inda kowa ya tsaya, yana jin numfashin mai bugu, yana jin abin da alƙali ke faɗa a bayan kunnensa. McCarver, ɗan garin Memphis a jihar Tennessee, an haife shi a 1941, ya shiga babbar gasa da ƙungiyar St. Louis Cardinals a 1959 yana da shekara 17, bai kuma ajiye safar ba sai 1980. Kaka 21 ke nan, kuma a kowane wasa mai cafka yakan tsuguna ya miƙe fiye da sau ɗari.

Cafkar ma ita ce ƙaramin ɓangaren aikin. Babban shi ne zaɓen jifa. A zamanin McCarver, kafin kowace ƙwallo, mai cafka yakan sa hannun dama tsakanin cinyoyinsa inda abokan hamayya ba sa gani, ya nuna wa mai jifa yatsu. A al'ada, yatsa ɗaya yana nufin mai gudu, wadda ke tahowa kusan miƙe da gudun da kan kai kilomita 150 a awa, ta iso cikin ƙasa da rabin daƙiƙa. Yatsu biyu, mai lanƙwasa, wadda ke tasowa sama-sama sannan ta faɗo. Yatsu uku, mai zamewa, wadda ke kama da mai gudu har sai ta kusa isowa, sai ta goce gefe da ƙasa. Idan ya kaɗa yatsun, mai yaudara ce: hannu ya fita da saurin mai gudu, ƙwallo kuwa ta taho a hankali, mai bugu ya kai sara kafin ta iso. Duk wannan bambanci daga riƙo yake fitowa. Ƙwallon tana da ɗinki 108 na jan zare da ya ɗan taso, kuma inda yatsu suka kwanta a kan ɗinkin shi ke sa ta juya ta wata fuska, iska kuma ta tura ta. Bayan nau'in jifan, mai cafka yana nuna wuri, ciki kusa da jikin mai bugu ko waje nesa da shi, sannan ya kafa safarsa a nan ta zama abin saiti. Idan akwai ɗan hamayya a tasha ta biyu, wanda daga can yana hango yatsun, sai a juya lissafin: a nuna alamu huɗu ko biyar a jere, amma ta biyu ce kawai ta gaskiya, ko wadda ta biyo bayan wata da aka shirya tun a ɗakin sauya kaya.

To, da me yake zaɓa? Nan ne ilimin yake ɓoye. Yana kallon ƙafafun mai bugu. Idan mutum ya ɗan matso gaba a cikin akwatin da aka zana masa, yana so ne ya tari mai lanƙwasa kafin ta faɗo. Idan ya ja da baya, mai gudu ce ta dame shi, yana neman ƙarin lokaci ko da na ƙiftawar ido ne. Idan ya matso kusa da faranti, waje yake tsoro, saboda haka ciki ya buɗe. Yana kallon hannuwa: wanda ya ɗan ɗaga riƙonsa sama daga gindin sanda ya haƙura da bugun nesa, so yake kawai ya taɓa ƙwallo. Yana kuma karanta ƙwallayen da aka buga suka fita daga iyakar fili, waɗanda mai kallo ke ɗauka ɓata lokaci ne. Wadda ta tashi ta koma baya miƙe tana nufin mai bugu ya dace da lokaci sarai, da ɗan kaɗan ya kuskure, kada a kuskura a sake ba shi irinta. Wadda ta fita ta gefen da yake fuskanta tana nufin ya makara, a ƙara masa mai gudu. Wadda ya fizga ta fita ta gefen bayansa tana nufin ya yi gaggawa, lokacin mai yaudara ya yi. Kuma ba jifa ɗaya ake tunani ba. Ana iya jefa masa mai gudu a ciki, da gangan a kauce wa taga, don kawai ya ɗan ja jiki, saboda mai zamewar da za ta biyo baya ta waje ta yi masa nisa. Ana iya ɓoye wani jifa tun zagaye na farko, a ƙi nuna shi, sai a zagaye na bakwai lokacin da ake tsananin bukata.

Sai kuma karatun mutumin da ke kan tudu, wanda shi ma littafi ne. McCarver ya yi sa'ar malamai biyu masu wuyar sha'ani. Na farko Bob Gibson, wanda a 1968 aka riƙa cin sa maki 1.12 kacal a kowane zagaye tara, abin da ya taimaka wajen sa hukumar wasan ta rage tsayin tudun jifa daga inci 15 zuwa 10 a shekarar da ta biyo. A wasan farko na World Series na 1968 Gibson ya fitar da 'yan Detroit Tigers 17 da jifa zalla, kuma McCarver ne a tsugune yana karɓa. Gibson mai sauri ne, ba ya son a katse shi. McCarver ya sha ba da labarin yadda ya taɓa tasowa zuwa tudu don su yi shawara, Gibson ya kore shi, ya ce masa abin da kawai ya sani game da jifa shi ne yana da wuyar bugu. Darasin da ke ciki ba ƙarami ba ne: akwai mai jifan da taimakonsa shi ne ka mayar masa da ƙwallo da wuri ka bar shi. Na biyun Steve Carlton, bahago, wanda suka fara tare a St. Louis suka sake haɗuwa a Philadelphia Phillies. McCarver ya yi imani da mai zamewar Carlton, yana kiran ta a lokutan da wani zai ji tsoro, har ta kai a ƙarshen shekarun 1970 kusan duk ranar da Carlton zai yi jifa shi ake sa wa ya tsuguna. McCarver yakan yi raha cewa idan sun mutu za a binne su da tazarar tudu da faranti a tsakaninsu.

Jiki ma yana biyan kuɗin makarantar. A watan Mayu na 1970, ƙwallon da ta goge sandar mai bugu Willie Mays ta karya wa McCarver hannu. Wanda ya canje shi, Mike Ryan, shi ma ya karye a hannu kafin a gama wannan zagayen. Ba kuma wai McCarver ɗan rakiya ba ne a wajen bugu. A World Series na 1964 shi ya buga ƙwallon da ta haye katanga ta kawo maki uku a zagaye na goma, na ƙarin lokaci, a wasa na biyar, suka doke New York Yankees, a 1967 kuma ya zo na biyu a zaɓen gwarzon ɗan wasa na rukuninsu. Amma abin da ya ɗauka ya hau bene da shi ba bugun ba ne, wancan lissafin ne na ƙafa da hannu da yatsu.

Hawan benen kuwa wata sabuwar koyo ce, don sanin abu daban, iya faɗinsa cikin daƙiƙa goma daban. Ya fara da Phillies a 1980, ya koma New York Mets a 1983 inda ya shekara 16, kuma a lokaci guda yana aiki da manyan tashoshin ƙasa: ABC, sannan CBS, sannan Fox daga 1996, inda ya zauna kusa da abokin sharhinsa Joe Buck har 2013. Abin sha'awa, a CBS ya riga ya yi aiki da mahaifin Joe ɗin, Jack Buck.

Aikin mai sharhi na ƙwarai yana farawa sa'o'i kafin a buɗe ƙofa ga 'yan kallo. Yana sauka fili lokacin atisayen bugu, ya tsaya a bayan ragar da ake kewaye faranti da ita, ya kalli wanda sandarsa ta yi nauyi yau, da wanda ke ɗingishi yana ɓoyewa. Yana shiga ofishin kowane koci a yi hira, kuma rabin abin da zai ji ba na faɗa ba ne a iska, na fahimta ne. Wanda ya kasa bambance su, gobe ba wanda zai gaya masa komai. Yana duba waɗanne masu jifan canji ne suka yi aiki jiya da shekaranjiya, domin wanda ya yi jifa kwana biyu a jere da wuya a kira shi yau, kuma wannan kaɗai yana iya bayyana shawarar da koci zai yanke a zagaye na takwas wadda za ta ba kowa mamaki. Yana kallon tutocin da ke saman filin ya ga inda iska ta nufa. Idan wasan la'asar ne, yana lissafin lokacin da inuwar bene za ta faɗo tsakanin tudu da faranti, don a lokacin ƙwallo tana fitowa daga haske ta shiga duhu, mai bugu ba ya ganin juyin ɗinki. Kowace ƙungiya tana buga wasa 162 a kaka, kuma wannan shiri kullum ne. Wanda ya iso minti ashirin kafin a fara, da sunansa kawai a aljihu, zai iya cika iska da labarin zamaninsa, amma zagaye na uku bai ƙare ba labaran sun ƙare.

A gabansa a kan tebur akwai takardar lissafi, wadda yake cikewa da hannu. Kowane ɗan tsaro yana da lamba: mai jifa 1, mai cafka 2, masu tsaron tashoshi 3, 4 da 5, mai tsaron tsakanin tasha ta biyu da ta uku 6, 'yan tsaron waje 7, 8, 9. Idan ya rubuta 6-4-3, ya adana labari cikakke: ƙwallo ta gangaro wurin 6, ya miƙa wa 4 aka fitar da ɗaya, shi kuma ya jefa wa 3 aka fitar da na biyu. Harafin K yana nufin an fitar da mai bugu da jifa, idan kuma aka rubuta shi a juye, yana nufin ya tsaya yana kallo ta ukun ta wuce shi. Mai sharhi yakan ƙara nasa 'yan alamu a gefe, da wane jifa aka fitar da wane. Amfaninsu sai bayan awa biyu, lokacin da mutumin ya dawo bugu karo na uku: a nan ne zai iya cewa sau biyu an cinye shi da mai zamewa a waje, yanzu ita yake jira, saboda haka a sa ido a ciki.

A kansa akwai abin ji mai haɗe da makirfo. Ta kunne yana jin abokin zamansa, yana kuma jin furodusa, wanda ke zaune a wata babbar mota a wajen filin, gaban allunan kyamarori da yawa, yana ƙirga masa daƙiƙoƙin da suka rage kafin talla, yana gaya masa hoton da ke tafe. Dole ya iya magana da baki ɗaya yana sauraron murya biyu. A gabansa akwai maɓalli da idan ya danna, muryarsa ta bar iska ta tafi motar kaɗai. Da wannan maɓalli ake sana'ar. Mai sharhi malalaci yana jira a ba shi maimaici ya yi magana a kai. Gwani shi ke nema: ku ba ni ƙafar mai tsaron 6 a wancan bugun, ku sa kyamara a kan mai gudun da ke tasha ta farko, zai tashi a jifan nan. Domin kyamara tana bin ƙwallo, amma yawancin abin da ke yanke hukuncin wasa yana faruwa ne inda ƙwallo ba ta nan: ɗan tsaron da ya yi taku biyu hagu tun kafin a jefa saboda ya hango yatsun mai cafka, ko ɗan tsaron waje da ya jefo ƙwallo ta haye kan wanda ya kamata ya tare ta a tsakiya, mai gudu ya sami tasha ɗaya kyauta.

Babban hoton da ake nuna kowane jifa da shi yana zuwa ne daga kyamarar da ke can ƙarshen fili, ta bayan kafaɗar mai jifa. Idanun mai kallo suna kan sanda. Idanun tsohon mai cafka suna kan safa. Ya ga inda aka kafa ta kafin jifa, ya ga inda ta koma ta kama ƙwallon. Idan an kafa ta a waje ƙasa-ƙasa ta kuma tsaya a nan, mai jifa yana da iko da hannunsa. Idan ta fara yin tafiyar taƙi guda, ko da alƙali yana cewa jifan ya yi, gajiya ta shigo, kuma mai sharhi zai iya faɗa tun kafin allon maki ya nuna. Sannan akwai ladabin aikin, wanda shi ma koyonsa ake yi. Da mai jifa ya ɗaga ƙafa, magana ta koma hannun abokin zama. Dole jimlarka ta ƙare kafin nan, ko da ka yanke mata wutsiya. Idan aka yi babban bugu fili ya ɗauki ihu, ka yi shiru, ka bar mutanen gida su ji ihun.

Daren 4 ga Nuwamba 2001 ne duk waɗannan suka haɗu wuri ɗaya. Wasa na bakwai, na ƙarshe, na World Series, a birnin Phoenix, tsakanin Arizona Diamondbacks da New York Yankees. Yankees sun shiga rabin ƙarshe na zagaye na tara suna gaba da 2 da 1, kuma a kan tudu akwai Mariano Rivera, ɗan ƙasar Panama, wanda ba a taɓa yin mai rufe wasa kamarsa ba. Rivera kusan jifa ɗaya gare shi, mai yanka: tana tahowa da gudun mai gudu, sai a taku na ƙarshe ta ɗan yanko gefe. Ga wanda ke bugu ta hagu, yankowar tana nufo hannuwansa ne. Ya kai bugu yana zaton ƙwallo za ta sami kaurin sanda, sai ta sami siririn wuyanta kusa da riƙo, kamar mai saran itace da ya sara da ƙota maimakon ruwan gatari. Sanda ta tsage, ƙwallo ta tashi ba ƙarfi.

Arizona suka farke, 2 da 2, suka cika tashoshi uku da mutane, an fitar da mutum ɗaya kacal. Mai bugu Luis Gonzalez ne, mai bugu ta hagu, wanda a wannan kaka ya haye katanga sau 57. Kocin Yankees, Joe Torre, ya jawo 'yan tsaron ciki gaba, kusa da faranti. Dalilinsa a fili yake, kuma littafin wasan yana bayansa: idan ƙwallo ta gangaro a ƙasa, ana so a kama ta da wuri a jefa gida kafin mai gudu daga tasha ta uku ya iso, don maki ɗaya ya ƙare komai. A cikin ɗan taƙin da ke tsakanin jifa da jifa, McCarver ya ce akwai haɗari a wannan tsari: Rivera yana yanko wa masu bugun hagu ciki, su kuma sukan sami bugun karyayyar sanda da ke faɗawa a bakin filin waje, daidai wurin da aka bari ba kowa. Bai gama rufe baki da daɗewa ba Rivera ya jefa. Gonzalez, wanda ya ɗan ɗaga riƙonsa sama a kan sanda, ya taɓa ta da wuyan sandar, ƙwallo ta yi ɗan tsalle ta haye kan Derek Jeter, mai tsaron 6 na Yankees, ta faɗi a bayansa. Jay Bell ya taho gida daga tasha ta uku, Arizona ta ci kofi da 3 da 2.

Mutane sukan kira wannan duba, amma ba duba ba ne, haɗa abubuwa uku ne da kowa ke iya gani: irin jifan mutumin, hannun da mai bugu ke amfani da shi, da wurin da aka bari fanko. Wahalar ita ce haɗa su a cikin daƙiƙoƙi, ana ihu, furodusa yana magana a kunne, sannan a sami ƙarfin halin faɗa tun ba a san sakamako ba. Ya kamata kuma a lura bai ce Torre ya yi wauta ba. Ya nuna farashin shawarar ne kawai, domin da ƙwallon ta gangaro a ƙasa, da Torre ne gwani. A ganina wannan ya fi cin daidai ɗin daraja: mai kallo ya shiga jifan yana sane da abin da kowane ɓangare ya sa a caca.

Irin wannan baki yana da tsada. Wanda ke faɗa tun kafin a yi, zai sha kuskure a bainar jama'a, kuma McCarver ya sha. Zai kuma ɓata wa mutane rai. A Oktoban 1992 ya soki Deion Sanders, wanda ke buga besbol wa Atlanta Braves yana kuma buga ƙwallon Amurka wa Atlanta Falcons, saboda ya bar ƙungiyarsa ana tsakiyar wasannin neman zuwa World Series ya tafi buga ɗaya wasan. Da Braves suka yi nasara, ana murna a ɗakin sauya kaya, Sanders ya bi shi yana sheƙa masa ruwa a gaban kyamara. Masu kallo da yawa kuma sun gaji da shi ta wata fuskar: yakan bayyana abu, ya sake bayyana shi, ya ƙara da wasan kalmomi da ba kowa ke dariyarsa ba. Ƙorafin yana da gaskiya, musamman a shekarunsa na ƙarshe a Fox. Sai dai laifin mai koyarwa ne da ya ƙi yarda akwai abin da ya fi ƙarfin fahimtar mai kallo, kuma na fi jure wannan a kan shirun wanda bai yi shiri ba. A 2012 aka ba shi lambar Ford C. Frick, wadda gidan tarihin gwarazan besbol ke ba masu watsa wasan. Bayan ya bar Fox ya koma St. Louis yana sharhin wasu wasannin Cardinals har 2019, ya rasu a Memphis a watan Fabrairun 2023 yana da shekara 81.

Kayan aikin sun sauya a bayansa. Tun 2015 na'urori a kowane fili suna auna gudun ƙwallo da juyinta da kusurwar da ta bar sanda, kuma ana zana tagar nan a kan allo kowa ya gani. Daga 2022 mai cafka yana danna wata 'yar na'ura ce, umarnin ya isa kunnen mai jifa ta cikin hularsa, yatsun da ake leƙe sun kusa ɓacewa. A 2023 aka kawo agogo: daƙiƙa 15 tsakanin jifa da jifa idan ba kowa a tasha, wato filin maganar mai sharhi ya ƙara tsukewa, jimla ɗaya ce ko biyu. Kujerar McCarver a Fox tun 2016 tana hannun John Smoltz, tsohon mai jifan Atlanta, wanda ke karanta wasan daga ɗaya ƙarshen mita 18 ɗin. Shi abin da ya fi kallo shi ne inda hannun mai jifa ke sakin ƙwallo, ko ya fara sauka ƙasa da inda yake a zagaye na farko, da kuma sau nawa mutumin ya girgiza kai ya ƙi jifan da mai cafka ya kira masa.